Daron Fetur a Shagon Mai Kaca

Akwai wani bakanike mai gyaran babura da kekuna, wanda duk layinsu ke kira Mai Kaca. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Ka kai masa kacar da ta yi baƙi ƙirin, ta daskare da giris da ƙasa, zai miƙo maka ita tana sheƙi kamar yau aka ɓare ta daga kwali.

In ya koma gida da yamma, riga duk baƙin mai, matarsa takan tare shi da zolaya, "Sannu da zuwa, Mai Kaca-kaca." Shi ma sai ya yi dariya.

Ya iya aiki, wannan babu musu. Aibinsa ɗaya ne: a kan sana'arsa ba a gaya masa ya ji.

Shagonsa ɗaki ne dogo mai ƙofar ƙarfe da ake naɗewa sama. Babu taga. Can ƙuryar akwai wata tsohuwar kujerar mota, a nan mahaifinsa yake wuni. Baba ne ya kafa shagon, har ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ƙafa ba ta takuwa, harshe ya yi nauyi. Zaman gida na sa shi ƙunci, shi ya sa kullum da safe Mai Kaca ke ɗauko shi ya zaunar da shi, ya ajiye masa ruwa, ya juyo masa fanka.

Katangar langa-langa, wato kwanon rufi, ce kawai ta raba shagon da na maƙwabcinsa, wani dattijo mai wanki da guga, mai sanyin magana. Dutsen guga na gawayi yake amfani da shi, kuma kowa Mai Guga yake ce masa.

Wata rana da damina, shugaban wasu matasa masu kai saƙo ya turo baburansu gaba ɗaya. Ya ce a wanke kaca, a sa mai, kafin yamma za su zo ɗauka. Mai Kaca ya duba jarkarsa ta kananzir ya ga ta ƙare, sai ya nufi shagon kayan gyara da ke bakin titi.

Mai shagon wata mata ce da kowa ke kira Gwaggo. Marigayi mijinta bakanike ne, ita kuma ta tsufa a cikin kayan babur.

"Gwaggo, ina wuni? A ba ni abin wanke kaca, aiki ya taso ni gaba."

Ta ɗauko wani galan ta ɗora a kan tebur. "Ga wannan. Ruwan wanke maiƙo ne, da ruwa ake sirka shi. Ka jiƙa kacar ta ɗan jima, ka bi ta da buroshi, ka ɗauraye, ka busar, sannan ka sa mai. Ba ya kama wuta, ba ya cin roba."

Ya buɗe murfin ya shinshina, ya yatsina fuska. "Wannan ai ruwan wanke kwanuka ne. Ni zan zauna ina jiran kaca ta jiƙu kamar mai wankin riga?"

"To, ɗauki kananzir. Shi ma yana so a kula, amma da sauƙi."

"Shi ma yau ba shi da saurin da nake so. Fetur zan sa. Tsoma ɗaya, ka girgiza, an gama."

Gwaggo ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

"Ɗana, kacar baburan nan akwai ƙananan robobi a tsakaninta, fetur yana busar da su, ya wanke har man da ke ciki. Wannan asarar masu babur ce. Abin da ya fi damuna shagonka. Babu taga, ga tsoho a ciki, ga mai gawayi a gefe. Tururin fetur ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana neman wuta."

"Haba, Gwaggo! Tun ina yaro nake wanke hannu da fetur. Ki ce dai kina son galan ɗinki ya shiga."

Ba ta ji haushi ba. Ta mayar da galan ɗin wurinsa ta ce, "Allah ya tsare. Amma ko me za ka yi, ka yi shi a waje."

Ya fita yana murmushi, ya wuce gidan mai ya ciko jarka.

Yana dawowa hadari ya haɗu. Kafin ya gama kwance kacocin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, iska na kaɗo shi har tsakiyar shago. Ya turo baburan ciki ya jera su jikin bango. Ya ja ƙofar ƙarfe ƙasa, ya bar ɗan sarari ta ƙasa don haske ya shigo.

Sannan ya tuttula fetur a babban daro, ya zuba kacocin, ya tsuguna ya fara dirza.

Ba a jima ba wari ya cika ɗakin. Baba ya fara tari daga ƙurya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna ƙofa.

"Bu... buɗe," ya ce da ƙyar.

"Baba, ruwa zai jiƙa mu. Yanzu zan gama, ka yi haƙuri."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Guga ne ya sunkuyo ta ƙasa, ya rufa buhu a kansa, ruwa na zuba ta gefensa.

"Maƙwabci, sannu da aiki. Fetur nake ji yana shigo mini ta ƙarƙashin langa-langa. Ga garwashi a dutsena. Don Allah ka fitar da daron nan, ko ka bari ruwan ya tsaya."

Mai Kaca ko ɗago kai bai yi ba.

"Kai ka kashe garwashinka mana. Ni na ce ka yi sana'ar wuta?"

"Kayan mutane ne a gabana, yau za su karɓa."

"Ni kuma na aljanu ne a gabana? Malam, kowa ya tsaya a kan abin da ya iya. Ni ban taɓa zuwa na koya maka karin wando ba."

Dattijon ya gyara buhun da ke kansa. Ya leƙa can ƙurya inda Baba ke tari, ya sake duban daron, ya juya ya tafi.

Jim kaɗan aka ji "cuuu" daga bayan langa-langa. Mai Guga ne ya kwara wa garwashinsa ruwa. Ya haƙura da aikinsa na ranar gaba ɗaya.

Mai Kaca ya yi dariya ya ce, "Ka ji matsoraci, Baba."

Baba bai yi dariya ba. Idonsa na kan daron.

Abin da Mai Kaca ya manta shi ne fankar mahaifinsa. Tsohuwar fanka ce da ke ajiye a ƙasa, kan wayarta ya daɗe da karyewa, sai dai a cusa wayoyin tsirara cikin soket a tokare su da tsinke. Tun safe aka ɗauke wutar lantarki, fankar ta tsaya, babu wanda ya tuna a kunne take.

Yana cikin dirza, hannayensa tsundum a fetur har gwiwar hannu, sai aka dawo da lantarki.

Ya ji ƙarar "tas" daga soket.

Bai ma gama juyowa ba ya ga wata wuta shuɗiya ta shimfiɗu a ƙasa, tana gudu kamar an ja zare. Ta bi ƙarƙashin babura, ta bi tsummokara, ta iso daron.

"Bum!"

Ƙarar ta jijjiga ƙofar ƙarfe. Wuta ta tashi har rufi. Mai Kaca ya dubi hannayensa ya ga suna ci kamar itace. Ya kurma ihu, ya faɗi ƙasa, ya mirgina ta ƙarƙashin ƙofa ya faɗa cikin ruwan sama. Ya cusa hannayen cikin taɓo yana birgima har wutar ta mutu.

Sai a lokacin ya tuna.

"Baba! Wayyo, Baba yana ciki!"

Ya sa kafaɗa ya ɗaga ƙofar. Hayaƙi baƙi ya turnuƙo ya buge shi a fuska. Wutar ta tare tsakiyar shagon daga bango zuwa bango. Ta bayanta yana hango inuwar mahaifinsa a kan kujera, yana ta ƙoƙarin miƙewa da ƙafa ɗaya yana komawa.

Akwai bokiti a bakin ƙofa da ruwan sama ya cika. Ya rungume shi da damatsansa, don tafin hannun ba ya riƙuwa.

"Kada ka zuba ruwa!" Mai Guga ya ƙwala daga bayansa. "Kada ka zuba!"

Ina! Ya riga ya watsa.

Daron ya kife. Fetur mai ci ya hau kan ruwan ya malale, ya nufi ƙurya. Wutar da ke nesa da Baba yanzu ta kusa taɓa ƙafarsa. Ta kuma fara lasar tayar babur na farko, kuma duk baburan nan tankinsu da mai.

Mutanen da suka fara taruwa suka ja da baya. Wani ya ce, "Tanki zai fashe! Ku matsa!" Mata na salati, maza na ihu a kawo ƙasa. Mai Kaca ya yunƙura zai faɗa ciki, mutum biyu suka riƙe shi yana fizga.

"Ku sake ni! Ubana ne! Ku sake ni in mutu tare da shi!"

Daga cikin hayaƙin ana jin tarin Baba. Can sai tarin ya fara raguwa.

Babu wanda ya lura Mai Guga ya koma shagonsa. Sai dai aka ji duka ta ciki, gwaram, gwaram. Da dutsen gugarsa yake dukan langa-langar ta can ƙurya, daidai bayan kujerar Baba. Ƙusoshi suka fara tsinkewa. Ya sa ƙafa ya banƙare kwanon, ya ciro wani bargo mai kauri daga ruwan wanki, ya lulluɓa, ya shige.

Wurin ya yi tsit, ban da ƙarar wuta da ta ruwan sama a kan rufi. Mai Kaca ya durƙusa a cikin taɓo, bakinsa na motsi amma ba a jin abin da yake faɗa. Wata taya ta fashe a ciki, mutane suka watse suka sake dawowa.

Ba a ga kowa ya fito ba.

"Shi ke nan, sun tafi su biyu," wata mata ta faɗa tana kuka.

Sai ga Mai Guga ta ƙofar shagonsa, yana rarrafe da baya, yana jan Baba a naɗe cikin bargon. Rigarsa na hayaƙi a kafaɗa. Yana kaiwa waje ya zube.

A daidai lokacin Gwaggo ta iso da gudu, mayafi a hannu, maza biyu na biye da ita ɗauke da tukunyar kashe gobara ta shagonta. Wasu suka kawo yashi a baro daga wani gini. Da feshi da yashi aka danne wutar kafin ta kai ga tankuna.

Baba dai ba ya motsi. Idonsa a rufe, bakin hancinsa duk baƙi.

A asibiti aka wuce da Baba ciki da sauri, aka sa masa abin numfashi. Likita ya ce wuta ba ta taɓa shi sosai ba, amma ya shaƙi hayaƙi da yawa, kuma ga tsufa ga ciwo. Ya ce sai dai a jira a gani.

Mai Kaca kuma aka wanke masa hannaye aka naɗe su har gwiwa. Matarsa na zaune gefensa tana share hawaye. Zafin ƙunar na ratsa shi har ƙashi, amma duk wanda ya fito daga ɗakin da Baba yake, sai ya bi shi da ido.

Ana haka sai ga babban wansa ya shigo. Direban babbar mota ne, ƙato, mai zafin zuciya, wanda duk gidan ke shakka, suna kiransa Yaya. Ya leƙa Baba ta gilashi, ya dawo idonsa jawur.

"Na biyo ta layin," ya ce. "Kowa na cewa gawayin mai gugar nan ne. Shi ne ko?"

Mai Kaca ya dubi jajayen idanun wansa. Ya tuna irin dukan da Yaya ke yi in ransa ya ɓaci. Ya tuna masu babura da za su zo. Ya tuna in Baba ya cika, har abada za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya ƙona ubansa.

Ya sunkuyar da kai bai ce komai ba.

"Na gane," in ji Yaya. Ya juya ya fita yana danna waya.

Matar Mai Kaca ta bi shi har baranda, ta dawo da sauri.

"Maigida, abokansa yake kira. Na ji yana cewa su same shi a shagon, su zo da sanduna." Ta matso ta rage murya. "Ka gaya mini gaskiya, don Allah. Dattijon nan ne?"

Ya girgiza kai, hawaye na zuba.

"Innalillahi! To, kana zaune za a kashe mutum?"

Ya miƙe. Jiri ya ɗebe shi, ta tare shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ba a sallame shi ba, bai ko waiwaya ba. Matar ta tare musu mota a bakin asibiti. Duk tsawon hanyar yana cewa direba ya ƙara gudu, yana roƙon Allah kada su iske an gama.

Tun daga bakin layin suka ji hayaniya.

An watso kayan wankin mutane cikin taɓo. An karya teburin guga. Yaya ya shaƙe wuyan rigar Mai Guga ya manna shi da bango, samari da sanduna sun kewaye su. Dattijon bai ma je asibiti ba, kafaɗarsa ta saɓule ta yi ja, leɓensa na jini. Yana ta cewa, "Na kashe garwashina, wallahi na kashe," babu mai saurare.

Gwaggo na gefe tana ihu har muryarta ta dishe, "Ku ji tsoron Allah! Shi ya fito da tsohon!" Wani ya ce mata ai dole ya fito da shi, tunda shi ya jawo.

Wani saurayi ya ɗaga sanda.

"Yaya!"

Mai Kaca ya kutsa cikin taron, hannayensa naɗaɗɗu a sama don kada a buge su. Ya shiga tsakanin wansa da dattijon.

"Yaya, sake shi. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na sa fetur a daro na rufe ƙofa. Gwaggo ta hana ni tun a shagonta, na yi mata rashin kunya. Baba ya ce in buɗe ƙofa, na ƙi. Bawan Allahn nan ya zo cikin ruwa yana roƙona, na zage shi. Ya koma ya kashe garwashinsa saboda mu. Fankarmu ce ta yi tartsatsi. Da ya ce kada in zuba ruwa, na zuba." Ya dubi wansa. "Ni na gudu na bar Baba. Shi ya shiga ya ɗauko shi. In duka ne, ga ni."

Sandunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya saki rigar a hankali. Ya dubi ƙanensa, ya dubi kafaɗar dattijon, ya dubi hannunsa da ya yi shaƙar. Wannan ƙaton mutum sai ya tsuguna a wurin ya dafe kai.

Mai Kaca ya durƙusa a gaban Mai Guga.

"Baba Mai Guga, ka yafe mini. A asibiti an tambaye ni, na yi shiru. Da bakina na kusa sa a kashe ka."

Dattijon ya goge jinin leɓensa da bayan hannu.

"Tashi, ɗana, taɓo zai ɓata maka ciwo." Ya ɗan tsaya. "Tsohon fa? Ya buɗe ido?"

Yaya ne ya miƙe, ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa wa dattijon, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Zo mu je a duba kafaɗar nan, Baba Mai Guga. Sai mu ga tsohon tare."

Washegari da hantsi Baba ya farfaɗo. Ya rayu, sai dai tarin bai sake shi ba har yau, kuma bai ƙara komawa shagon ba. Kacoci da tayoyin wasu baburan sun ƙone, masu kai saƙo suka kwashe aikinsu suka kai wani wuri.

Mai Kaca ya yi watanni ba ya iya riƙe ko cokali, matarsa ke ba shi abinci a baki. Da aka kwance hannayen, yatsu biyu na dama sun ƙanƙance, ba sa miƙewa. Yana aiki yanzu, amma a hankali, kuma saurin da yake taƙama da shi ya tafi ke nan.

Mai Guga ya warke, da tabo a kafaɗa. Yaya da kansa ya bi masu kayan da aka ɓata gida-gida yana ba su haƙuri, yana gaya musu yadda abin ya faru, don kada wani ya sake ɗora wa dattijon laifin da ba nasa ba.

Darasi: Iya aiki ba ya hana ka sauraron wanda ya hango maka haɗari, kuma wanda ka wulaƙanta da rana yana iya zama shi zai shiga wuta dominka kafin yamma. In ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun kafin marar laifi ya sha a madadinka. Masu gyaran babur da keke, don Allah ku daina wanke kaca da fetur. Ku nemi ruwan wanke maiƙo da aka yi don aikin, ku yi a inda iska ke shiga, kuma kada ku taɓa zuba wa wutar fetur ruwa. Ku tura wannan labari ga duk wani bakanike da kuka sani, da duk mai ɗan'uwa a sana'ar, wataƙila ku ne sanadin tsirar wani.